Diyyar Raunin Aiki da Rabuwar Aure: Ko Abokin Zama Yana da Rabo?

Diyyar raunin aiki kuɗi ne da ake biyan ma'aikacin da ya ji ciwo, ya naƙasa, ko wata cuta ta kama shi ta dalilin aikinsa. Birkilan da ya faɗo daga kan bene, da ma'aikacin masana'antar da inji ya cire masa yatsu, da mai haƙar ma'adinin da ƙura ta lalata masa huhu, duk suna cikin waɗanda ake yi wa irin wannan biya. Muddin aure yana nan, ba a cika tambayar mai kuɗin ba, domin cikin tukunyar gida suke shiga. Sai ranar da zama ya ƙi daɗi aka je gaban alƙali ne maganar take tasowa: matar da ta yi jinyar miji, ko mijin da ya yi jinyar mata, yana da rabo a cikin diyyar, ko kuwa kuɗin na mai raunin ne shi kaɗai?

Amsar ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Abubuwa uku ne suke yanke ta: dokar da take mulkin auren, da abin da aka biya kuɗin don a maye gurbinsa, da lokacin da raunin ya auku. Ɗaya daga cikin ƙasashen da ake yawan tafka shari'a kan wannan batu ita ce Amurka, saboda a can ana raba dukiyar ma'aurata idan aure ya mutu, kuma kowace jiha da nata tsarin.

Asalin diyyar da abin da ta ƙunsa

Jamus ce ta fara kafa inshorar haɗarin aiki a 1884, zamanin Bismarck. Birtaniya ta yi tata dokar a 1897, sannan jihar Wisconsin ta Amurka ta kafa tata a 1911, sauran jihohi suka bi sahu. Tsarin ya ginu ne kan musayar haƙƙi. Ma'aikaci yana samun kuɗi ba tare da sai ya tabbatar da cewa mai aiki ne ya yi sakaci ba, shi kuma ya haƙura da kai mai aikin ƙara don neman wata diyya ta daban.

Kuɗin da ake biya yakan kasu kashi uku. Akwai kuɗin asibiti da magani. Akwai madadin albashin da ya tsaya lokacin jinya, wanda a yawancin jihohin Amurka yake kama kashi biyu bisa uku na abin da mutum yake samu a mako. Akwai kuma kuɗin naƙasa ta dindindin, wato na asarar gaɓa ko raguwar ƙarfin neman abinci har abada. Ana iya biya mako-mako ko wata-wata, ana kuma iya yin sulhu da kamfanin inshora a karɓi kuɗin a dunƙule sau ɗaya. Wannan dunƙulallen kuɗi shi ne ya fi jawo rigima, domin yana shiga asusu ne a matsayin adadi guda, ba tare da alamar da take nuna wane ɓangare ne na albashin bara, wane ne na shekaru ashirin masu zuwa ba.

Dukiyar aure da dukiyar kai

Kotunan Amurka suna raba abin da ma'aurata suka mallaka gida biyu. Dukiyar aure ita ce duk abin da ɗayansu ya samu daga ranar ɗaurin aure zuwa rabuwa, ko da sunan mutum ɗaya ne a jikin takarda. Dukiyar kai kuwa ita ce wadda mutum ya shigo da ita auren, ko ya gada, ko aka yi masa kyauta shi kaɗai. Ta farko ce ake rabawa, ta biyun kowa ya tafi da abinsa.

Jihohi tara suna bin tsarin tarayyar dukiya, inda ake ɗaukar miji da mata a matsayin masu mallakar abin da aka samu cikin aure tare. Su ne Arizona, Kalifoniya, Idaho, Louisiana, Nevada, New Mexico, Texas, Washington da Wisconsin. Sauran jihohin suna bin tsarin rabon adalci, wanda ba lallai ne ya zama rabi da rabi ba. Alƙali yana duba tsawon auren, da lafiyar kowannensu, da abin da kowa zai iya samu nan gaba, da wanda yara za su zauna a hannunsa. A tsarin biyun duka, tambayar farko ita ce a wane gida za a sa diyyar.

Hanyoyin da kotuna suke bi

Hanya ta farko, wadda mafi yawan jihohi suka ɗauka, ita ce feɗe diyyar a ga abin da kowane ɓangare yake maye wa gurbi. Hujjarta mai sauƙi ce. Albashin da miji yake kawowa gida lokacin aure dukiyar aure ne, don haka kuɗin da ya tsaya a madadinsa ma na aure ne. Kuɗin asibitin da aka biya daga aljihun gida, idan inshora ta mayar da su, sun koma aljihun gida. Amma hannun da ya guntule da bayan da ya karye na mai su ne, kuma albashin da zai rasa bayan an rabu bai taɓa zama na auren ba. Kotun Ƙolin jihar Florida ta tabbatar da wannan hanya a shari'ar Weisfeld a 1989, ta kuma ƙara da cewa duk ɓangaren da aka kasa gano ko na mene ne, za a lissafa shi cikin dukiyar aure. Dokar iyali ta Texas ma ta ce diyyar raunin jiki dukiyar kai ce, ban da abin da aka biya saboda asarar ƙarfin samun kuɗi a lokacin auren.

Misali zai fayyace wannan. A ce wani direban babbar mota ya ji rauni a ƙashin baya, ya yi shekara biyu yana jinya, sannan ya karɓi dala 150,000 a dunƙule, auren kuma ya mutu a wannan shekarar. Idan takardar sulhun ta nuna cewa dala 40,000 madadin albashin shekara biyun jinya ne, dala 10,000 kuɗin asibitin da iyalin suka kashe, dala 100,000 kuma na naƙasa da asarar albashin gaba, to dala 50,000 ne kawai za su hau teburin rabo. A jihar da ake raba rabi da rabi, matar za ta tashi da dala 25,000, shi kuma ya riƙe 125,000. Idan kuwa takardar ba ta bambanta komai ba, kuma bai kawo likita ko masanin lissafi ya warware ba, yana iya ganin an ɗora dukkan kuɗin a kan teburin.

Hanya ta biyu ba ta damu da manufar kuɗin ba, lokaci kawai take dubawa. Idan raunin ya faru tsakanin ɗaurin aure da rabuwa, diyyar gaba ɗaya dukiyar aure ce. Kotun Ƙolin Illinois ta yanke haka a shari'ar DeRossett a 1996, takwararta ta Pennsylvania ma ta yanke irinsa a shari'ar Drake a 1999. Masu goyon bayan wannan hanya suna cewa haka dokar jihar ta bayyana dukiyar aure, kuma ba aikin alƙali ba ne ya ƙirƙiro togaciyar da majalisa ba ta rubuta ba. Sai dai zama dukiyar aure ba ya nufin a raba daidai. Alƙali yana da damar ba mai raunin kaso mafi tsoka idan ya duba halin da yake ciki.

Akwai kuma jihohin da dokarsu ta karkata ga mai raunin tun daga farko. New York ta lissafa diyyar raunin jiki cikin dukiyar kai, ko da yake kotunanta sukan ware ɓangaren albashin da aka rasa lokacin aure. Kalifoniya kuwa, a diyyar da aka samu ta ƙarar rauni, tana miƙa kuɗin ga wanda ya ji ciwon, sai in adalci ya buƙaci akasin haka, kuma ko a nan ba a ba shi ƙasa da rabi.

Cakuɗa kuɗi da ɓoye su

Ko a inda doka ta ce diyyar ta mai rauni ce, yana iya rasa wannan kariya da hannunsa. Idan ya zuba kuɗin a asusun haɗin gwiwa, albashin matar yana shiga, ana cire kuɗin haya da na makarantar yara shekara da shekaru, to diyyar ta narke kamar gishiri a miya, da wuya a sake tsamo ta. Haka nan idan ya sayi gida da sunan su biyu, kotuna da yawa suna ɗaukar hakan a matsayin kyauta ga auren. Nauyin kawo hujja yana wuyan mai cewa kuɗin nasa ne, kuma hujjar ita ce takardun banki da takardar sulhu.

Ɓoye diyyar kuwa ya fi komai haɗari. Doka ta wajabta wa kowane ɓangare ya bayyana abin da ya mallaka bisa rantsuwa, har da buƙatar diyyar da ba a kai ga biya ba. Wanda ya ja ƙafa wajen karɓar kuɗin don sai an gama shari'a bai tsira ba, domin kotu tana iya yanke wa abokin zaman kaso daga abin da za a biya nan gaba. Wanda aka kama da ɓoyewa kuwa ana iya sake buɗe shari'ar, a ci shi tara, ko a ba ɗayan fiye da abin da zai samu da farko.

Ciyarwa daban, rabo daban

Mutane da yawa suna haɗa abubuwa biyu da doka ta raba. Ko da kotu ta ce diyyar ba ta shiga rabo, tana nan a matsayin kuɗin shiga idan aka zo lissafin ciyar da yara ko tallafa wa tsohuwar mata. Dokokin da suka hana masu bin bashi taɓa diyyar ma'aikaci galibi sun togace kuɗin kula da yara, har ana iya cire shi kai tsaye daga hannun kamfanin inshora kafin ya isa ga mai shi. Abin da mai raunin zai iya yi shi ne ya roƙi kotu ta rage adadin, tunda abin da yake samu ya ragu.

Haka kuma abokin zama ba shi da ikon zuwa hukumar diyya ya nemi wani kaso da sunansa alhali ma'aikacin yana raye. Haƙƙin na ma'aikaci ne, ta kotun iyali kawai ake isa gare shi. Inda mata ko miji suke da ƙara tasu ta kansu shi ne idan wani na uku ne ya jawo haɗarin, kamar kamfanin da ya ƙera injin da ya lalace. A nan ana iya neman diyyar asarar jin daɗin zaman aure, kuma kuɗin da aka samu na wanda ya nema ne.

Yadda abin yake a Ingila

Ingila ba ta da irin wannan katanga tsakanin gidajen dukiya biyu. Dokar shari'o'in aure ta 1973 ta umarci alƙali ya duba duk abin da ma'auratan suke da shi, ya fara da buƙatun yara ƙanana. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bayyana a shari'ar Wagstaff cewa diyyar rauni ba ta fita daga lissafi ba. Shari'ar Mansfield ta 2011 ta nuna iyakar abin. Mijin ya karɓi fam 500,000 a 1998, tun kafin ya yi aure, ya sayi gidan da aka gyara don ya dace da naƙasarsa. Da auren ya mutu, an yanke wa matar fam 285,000 don ta samu muhalli ita da tagwayensu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bar adadin yadda yake, amma ta ce kashi ɗaya bisa uku na darajar gidan da matar za ta saya zai koma ga mijin idan yaran suka girma, saboda asalin kuɗin na jinyarsa ne.

Matsayin doka a Najeriya

A Najeriya, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ce take aiki, kuma hukumar NSITF ce take gudanar da asusun diyyar. Masu ɗaukar aiki suna zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya, an kuma hana su cire wannan daga albashin ma'aikata. Ana son ma'aikaci ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 14 da faruwar haɗari, mai aiki ya kai rahoto cikin kwana 7, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya ana biyan sa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Dokar ta hana a jinginar da wannan kuɗi ko masu bashi su riƙe shi. Sojoji ba sa cikin tsarin, kuma ɗimbin masu aikin hannu da ba a yi musu rajista ba sukan ƙare ne da abin da mai aiki ya ga damar bayarwa.

Ko matar da aka rabu da ita za ta samu wani abu, wannan ya danganta da irin auren. Auren rajista yana ƙarƙashin Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, wadda sashenta na 70 ya yi magana kan ciyarwa, na 72 kuma ya ba Babbar Kotu ikon daidaita dukiya yadda ta ga adalci. Babu wata ƙa'ida ta rabi da rabi, kuma kotunan ƙasar sukan nemi mai da'awa ya nuna gudummawar da ya bayar wajen samar da dukiyar. Don haka da wuya a raba diyyar kanta, amma alƙali yana lissafa ta cikin ƙarfin mutum idan zai yanke kuɗin ciyarwa.

Hukuncin shari'ar Musulunci

Mafi yawan auren Hausawa yana ƙarƙashin shari'ar Musulunci ne bisa mazhabar Malikiyya, kuma a nan aure ba ya haɗa dukiya. Abin miji nasa ne, abin mata nata ne, kafin saki da bayansa. Diyyar gaɓa ko rauni haƙƙin wanda aka raunata ne shi kaɗai. Matar da aka saka ba ta da kaso a diyyar mijin don kawai sun yi zaman aure, haka shi ma ba shi da ko kwabo a tata idan ita ce ta ji ciwo a wurin aiki.

Amma akwai haƙƙoƙin da suke bin dukiyar miji ko daga ina ta fito. Ragowar sadakin da ba a biya ba bashi ne. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna wuyansa a iddar sakin kome. A sakin da babu kome, tana da muhalli har ta gama idda, ciyarwa kuwa sai in tana da ciki. Ciyar da 'ya'ya yana kan uba ko da suna hannun uwarsu, namiji har ya balaga yana iya nema, mace har ta tare a gidan miji, kuma alƙali yana yanke adadin ne gwargwadon ƙarfin uban, wanda diyyar tana cikinsa. Akwai kuma mut'a, kyautar sallama da ake so mai saki ya bayar daidai hali, wadda a mashhurin Malikiyya mustahabbi ce, ba a tilasta ta.

Wani haƙƙin da ake yawan mantawa shi ne na kuɗin jinya. Sau da yawa mace takan sayar da sarƙarta, ko akuyoyinta, ko ta kwashe kuɗin adashinta don biyan asibiti kafin diyya ta fito. Idan ta bayar ne a matsayin rance, tana da damar bin kuɗinta, kuma saki ba ya goge bashi. Abin da kotu za ta nema shi ne shaidu ko rubutu, domin miji yana iya cewa kyauta ce.

Idan ma'aikacin ya rasu

Mutuwa tana sauya lissafin gaba ɗaya. A dokar Najeriya ta 2010, matar da mijinta ya rasu ta dalilin aiki ya bar ta da 'ya'ya biyu ko fiye ana biyan su kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, mai ɗa ɗaya kuma kashi 85. Wannan kuɗi na waɗanda suka dogara da mamacin ne, kuma 'ya'ya ba sa rasa matsayinsu don iyayensu sun rabu.

A shari'ar Musulunci, diyyar rai tana shiga gado, kuma mata tana da rabonta a ciki. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya koma ga wannan hukunci bayan Dahhak ɗan Sufyan ya sanar da shi cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarta a ba matar Ashyam al-Dibabi gado daga diyyar mijinta. Rabon mata shi ne ɗaya bisa takwas idan mamacin yana da 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu idan babu, kuma idan matan sun fi ɗaya wannan kason suke rabawa. Wadda take cikin iddar sakin kome tana gado. Wadda iddarta ta cika kafin rasuwar ba ta gado, sai in an sake ta ne a cikin ciwon ajali, inda Malikiyya suka ce tana gado ko da iddar ta wuce, don kada a yi amfani da saki a hana ta haƙƙinta.

A duk waɗannan tsare-tsare, kuɗin da aka biya saboda lalacewar jiki ya fi karkata ga mai jikin, kuɗin da ya maye gurbin albashin lokacin aure shi ne abokin zama ya fi samun hanyar shiga, haƙƙin 'ya'ya kuwa yana bin diyyar ko da an ce ba ta rabuwa. Takardar sulhun da ta fayyace kashe-kashen kuɗin, da asusun da ba a cakuɗa ba, da rasitan asibiti, su ne hujjojin da alƙali yake dogara da su, kuma ɓangaren da ya adana su shi ya fi samun nasara a kotu.